Tamanin da Takwas

Ran Talata Malama Fidelia ta shigo da kwalba a hammata,
ta dire ta kan tebur, ta ce: Ga rigima, ku raba.
Yashi ne a ciki, da gishiri, da garin ƙarfe
da ta roƙo wurin mai walda a bayan tashar Uyuni.

Rosendo ya ce: Malama, gishiri kuma?
Mu da muka buɗi ido a kansa?
Ubana da gatari yake saransa kamar itace.
Ta ce: To, tsamo mini shi daga cikin baƙi.

Ni aka miƙa wa maganaɗisu, naɗe cikin leda.
Na ratsa da shi bisa tarin, ban ko taɓa ba,
sai ƙarfen ya miƙe gashi-gashi
kamar bushiya ta ji motsi,
ya bar abokan zamansa ba sallama.

Saura biyu. Muka tuttula ruwa, muka dama.
Gishirin nan mai yi wa mai dariyar rana
ya ga ruwa, ya ɓace, ko gawarsa babu.
Yashi ya ƙi. Ya kwanta a gindi yana harararmu.
Muka ninke takarda, muka sake ninkewa,
ta zama 'yar hula, muka zaunar da ita a mazurari.
Ɗis.
Ɗis.
Rosendo ya ƙosa, ya soka fensir wai ta yi sauri.
Takarda ta ɓarke, laka ta bi ruwa.
Malama ba ta ce uffan ba,
sabuwa kawai ta zaro daga kwali,
mu duka muka ga saura uku, har ƙarshen shekara.

Da ruwan ya fito garau, ta ce: Kar ku yarda da shi,
ɓarawo ne, kayan na jikinsa.
Muka ɗora shi kan shuɗiyar wuta,
tururi ya tashi, ya bi bututun gilashi,
sanyi ya tare shi a hanya, ya koma raɓa,
yana sauka can gefe, lami, ba ɗanɗano.
A tukunya kuwa fari ya fara toho a baki-baki.

Littafi ya ce ruwa na tafasa a ɗari.
Namu ya hau, ya hau, ya cije a tamanin da takwas.
Na ƙara wuta. Ko gezau.
Na waiga, na karkata kafaɗa, zan rubuta ɗari,
sai na ji hannu a kan nawa, sanyi ƙalau, duk alli.
Nayra, littafin nan a bakin teku aka rubuta shi.
Mu a nan sama iska ba ta da nauyin danne ruwa,
shi ya sa dankalin uwarki ke daɗewa a murhu.
Rubuta abin da idonki ya gani.

Na rubuta. Takwas ɗin ta fito a karkace.

Kafin ƙararrawa ta ɗiga baƙar tawada
a yankin takarda, ta tsoma ƙafarsa a ruwa.
Ruwa ya hau da ita kamar mai hawan dutse da kaya,
shuɗi ya yi gaba, ja na biye, rawaya na haki a baya.
Ashe baƙin nan taron dangi ne.

Da yamma na iske Inna tana shiƙar kinuwa,
iska na kwashe ƙaiƙayi, tsaba na komowa faifai.
Ban gaya mata aikinta na da suna a littafi ba.
Jiya an yi ruwa. Filin gishiri ya zama madubi,
motar ubansu Rosendo na tafe a tsakiyar gajimare,
sama da ƙasa sun cakuɗe, ba layi, ba iyaka.
Na tsaya, gishirina ƙulle a takarda cikin aljihu,
ina neman mazurarin da zai raba wannan,
har Inna ta kira ni in kawo buhu.